Zarto a Rediyon Malam Kunne

Duk layin babu wanda ya san shi da wani suna sai Malam Kunne, har mai gidan da yake haya ma haka yake kiransa. Gyaran rediyo ne sana'arsa tun yana saurayi, a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin bene, tsakanin mai aski da mai walda. Ba ya kwance rediyo sai ya saurare shi tukuna. Ka kawo masa, ya kunna, ya karkata kai, ya rufe ido, can ya ce maka ga abin da ya ƙone. In aka ce masa gani ya kori ji, sai ya ce wannan maganar teloli ce, shi dai ya san kunne ya girmi kaka. Matarsa kuwa cewa take kunnen nan yana jin tashar da ke bayan duniya, amma in ta ce gishiri ya ƙare a gida, nan take yake kurmancewa.

Da wayar hannu ta zo, kowa ya koma jin labarai a tafin hannunsa, sai shagon ya zama wurin hira. Ya ƙi koyon gyaran waya, wai shi ba zai tsufa yana tonon abin da sai da madubi ake ganinsa ba. Taurin kai ne kawai, kuma shi ma ya san taurin kai ne. Matar ce ta riƙe gidan da ɗinkin katifa da filo. A barandar bene take zama tana bugun auduga tana cusawa, ƙura na tashi fari fat, har girarta ta yi fari tun kafin furfura ta zo mata.

A sama suke, ɗaki da falo. A kusurwar falon akwai tebur, a kan teburin akwai wani ƙaton rediyo da ya harhaɗa da hannunsa daga gawarwakin rediyoyin da masu su suka ƙi dawowa karɓa. Doguwar waya ce eriyarsa, ta fita ta taga ta ɗaure a ƙarfen tankin ruwa. Ba labarai yake ji da shi ba, ba kuma waƙa ba. Akwai wani lungu can ƙasa, tsakanin matsakaicin zango da gajeren zango, inda babu gidan rediyo ko ɗaya, sai jiragen ruwa da ke kiran juna da kuma masu irin ciwonsa na son rediyo da ke gaisawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Nan yake kiwo. Rediyon nasa kunne ne kawai, ba shi da baki, domin bai taɓa samun lasisin aika magana ba.

A gindin teburin nan Auta ya tashi, ɗansu na ƙarshe, namiji ɗaya bayan mata biyu da suka yi aure a wasu garuruwa. Da ya girma ya sami aiki a jirgin kamun kifi, yana kula da inji. Jirgin kan shiga can tsakiyar teku ya yi watanni, inda waya ba ta da amfani sai haska hanya. Kafin ya tafi suka shirya da ubansa. Kullum in rana ta kusa faɗuwa, lokacin da lungun nan ke buɗewa, mai kula da rediyon jirgin zai ba shi aron makirfo na ɗan lokaci. Malam Kunne ya ɗiga jan fenti a kan gilashin, daidai inda allura za ta tsaya.

Haka aka yi ta yi. Auta ya yi ta zuba kamar mai magana cikin rijiya, bai san ko ana ji ba. Ya ba da labarin iska, da kukun jirgin da bai iya komai ba, da yatsansa da ƙarfe ya datse. Uwar takan yar da allura ta zo ta zauna a hannun kujera da auduga a kanta, tana ba shi amsa da ƙarfi.

"To wa ya aike ka sa hannu? Kai da ubanka duk jirgi ɗaya ya kwaso ku."

"Ba fa ya jin ki," in ji Malam Kunne.

"Kai ma ba ji na kake ba, na fasa yi maka magana?"

Tari ya daɗe yana damunta, tana cewa mura ce. Ranar da ta kasa hawa benen, ta zauna a tsakiyar matakala tana haki, ranar aka kai ta asibiti. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinta ya ce audugar nan ta shekara da shekaru tana ciki, kuma ba ta fita. Bayan doguwar jinya aka sallamo ta da injin oksijin, wani akwati mai tayoyi kamar ƙaramin firji, da siririn tiyo da ke zuwa hancinta. Surukansu suka haɗa mata da inbata da batir, saboda in an ɗauke wuta kada injin ya tsaya. Ma'aikaciyar jinya ta ja wa Malam Kunne kunne, ta ce ko da wasa kada a kashe. Ita kuma mara lafiyar ta kafa nata sharaɗin: kada a aika wa Auta ta ofishin kamfani. Ta ce yaro yana tsakiyar ruwa, in an ɗaga masa hankali ina zai je, iyo zai yi?

Da yammar ranar da ta dawo, ya ja lasifika da doguwar waya har kan filonta, ya kunna rediyo, ya kai allura kan jan fenti. Abin da ya fito ba muryar mutum ba ce.

Malam Kunne ya san ƙararraki kamar yadda makiyayi ya san dabbobinsa, har sunaye ya raɗa musu. Akwai suya, wadda hadari ke kawowa daga nesa. Akwai zuma, ta doguwar fitilar kwalba. Akwai tari, na babur in ya wuce. Wannan kuwa baƙuwa ce, mai kaushi, ba ta hutawa, tana kai da komo kamar ana yanka katako. Ya sa mata suna zarto. Can ƙarƙashinta yana jin alamar ana magana, tashi da saukar muryar Auta, amma ko kalma ɗaya ba ta fita.

"Yau ba ya nan?" ta tambaya daga ɗaki.

"Yana nan. Gobe zan gyara."

Dokar aikin ɗaya ce, kuma shi ya koya wa mutane ita: in kana neman mai ƙara, ka kashe kaya ɗaya bayan ɗaya, kana saurare, wanda ka kashe aka yi shiru shi ne ɓarawon. Ya kashe fanka, zarto na nan. Ya kashe firji, ya kwance ƙwayayen fitila, ya zare cajar waya. Zarto na nan. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinta, ya dubi ciki, ya juya ya sauka ƙasa da saurinsa, ya ce ai abin daga waje yake.

Mai walda ya fara cin karo da shi. Mutumin da suka shekara suna shan shayi a benci ɗaya, Malam Kunne ya tsaya masa a ka yana ɗaga murya, wai injinsa ne ya cika sama da datti, wai ya hana mara lafiya jin ɗanta. Mai walda ƙato ne, amma ya cire gilashinsa ya ce, "Baba, yi haƙuri. Daga yau in la'asar ta yi sanyi na rufe." Ya kuwa rufe, ya bar ƙofar wani a kwance ba a gama ba. Mai aski ya ajiye injinsa ya koma almakashi da reza, masu zuwa aski na ƙunƙuni. Mai cajin waya na bakin titi ya fi kowa shan wuya, don sai da Malam Kunne ya sa shi zare wayoyin mutane duka, yana tsaye yana hararsa. Har gidan mai tankin ruwa ya shiga ya sa aka kashe injin jan ruwa. Layi guda ya koma kamar ana zaman makoki in yamma ta yi, duk saboda tsoho ɗaya da rediyonsa, kuma babu wanda ya ce masa kanzil, domin kowa ya ga lokacin da aka hau da ita benen a kan kujera. Laifi tudu ne, ya taka nasa yana ta hango na mutane.

Zarto bai ragu da ko ƙwayar zarra ba.

Sai ya koma kan rediyon da duk abin da ya sani. Ya kafa sandar tagulla a ƙasa bayan gida, ya zuba mata gawayi da ruwan gishiri, ya ja waya mai kauri daga bene har can, don ƙarar ta sami hanyar bi ta nutse. Ya farfasa tsofaffin talabijin ya ciro baƙaƙen zobban da ke cikinsu, ya nannaɗa kowace waya a kansu. Ya raba rediyon da wutar gida gaba ɗaya, ya sa shi a batirin babur. Kowanne ya ɗan taɓa, sai zarto ya yi laushi kamar zai tafi, amma Auta bai fito ba. Yatsunsa suka ƙoƙƙone da dalma, ya daina buɗe shago, abinci ma sai matar mai aski ta hawo da shi ta tsaya a kansa.

Dabararsa ta ƙarshe ita ce zobe. Ya kwance doguwar eriyar, ya samo tsohon garen keke na roba, ya naɗe shi da waya, ya kafa shi a tsaye a kan ƙafar fanka yadda zai riƙa juyawa. Amfanin irin wannan eriya shi ne tana da gefen ji, tana da gefen kurma. Ka juya gefen kurman ya dubi inda ƙara ke fitowa, sai ta mutu, ka ci gaba da jin abin da kake so. Ya jira yamma, ya kunna, ya kama zoben yana juyawa a hankali. Zarto ya fara sauka, ya sauka, ya sauka, har ya zama ɗan siririn zare. Murna ta kama shi. Sai ya lura muryar Auta ma ta tafi tare da shi. Ya ɗan maido da zoben, su biyun suka dawo tare. Teku da mai ƙarar suna kan layi ɗaya, in ya toshe wa ɗaya kunne ya toshe wa ɗayan.

Ya bi gefen kurman da ido. Ƙofar ɗakinta yake kallo. Ya juya zoben da sauri kamar wanda aka kama yana leƙe, ya ce wa kansa ai bayan ɗakin ma akwai gidaje.

Washegari mai walda ya tare shi a gindin bene. Ya daɗe yana sosa ƙeya kafin ya yi magana.

"Baba, shekaranjiya da yamma an ɗauke wuta duk unguwa, ko?"

"An ɗauke."

"Babu mai janareto a layin nan da ya tayar, na bi na duba. Ƙarar ta tafi?"

Malam Kunne ya kau da kai ya dubi benen. Mai walda bai ƙara ba, ya dai ce in ana so ga tukunyar iskar da yake yankan ƙarfe da ita, ai ita ma oksijin ce, kuma ba ta cin wuta. Malam Kunne ya kama maganar hannu bibbiyu, ya garzaya asibiti ya tambaya. Ma'aikaciyar jinyar ta dafe ƙirji ta ce, "Baba, kashe ta kuke so ku yi? Kan tukunyar ma ba iri ɗaya ba ne." Ya ce to su ba shi aron tasu, ko na yamma ɗaya. Ta nuna masa baranda, inda marasa lafiya ke kwance suna jiran tukunya ta zagayo kansu. Ya roƙa har ya ji kunyar kansa, ya fito.

Ran nan ya bar matar tasa da matar mai aski, ya ɗaure rediyo da batir da zobe a bayan keke, ya tura har filin ƙwallon da ke bayan gari, inda babu ko turken wuta. Da ya kunna, sai ga Auta tas, kamar yana zaune a kan ciyawar. Tsohon ya durƙusa a gaban rediyo yana kuka shi kaɗai, yana riƙe da wayar hannu a bakin lasifika yana ɗaukar muryar. Ya dawo gida da gudu kamar yaro ya ci jarrabawa.

Ta saurara har ƙarshe, iska na bugun wayar, muryar na shiga tana fita. Ta miƙa masa.

"Na gode, Malam. Amma wannan ai ya riga ya wuce. Ya faɗa, ya tafi ya kwanta. Ni so nake ina ji yana faɗa, in ba shi amsa."

"Ba fa ya..."

"Na sani."

Jikin yana ta ja baya. Ta daina zama sai an jingina ta, magana ma sai ta rarraba ta tana hutawa a tsakani. Jirgin kuma da sauran watanni kafin ya juyo, kuma su biyun sun san lissafin ba zai haɗu ba, ko da yake babu wanda ya furta. Tsoro ya kama Malam Kunne irin wanda bai taɓa ji ba. Mutum ne da duk rayuwarsa abu ɗaya ya iya, kuma abu ɗaya tak matar nan ta taɓa roƙonsa da wannan iyawar, ga shi ya gagara. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Ya sake naɗa zoben, ya mai da teburin baranda, ya maido shi, ya lulluɓe inbatar da ragar ƙarfe yana cewa wai saboda ƙura.

Wata yamma yana durƙushe a bakin gadon yana ƙara ɗaura zobba a wayar injin, ta dafa kansa.

"Sarkin kunne."

"Na'am."

"Ka kashe wa mai walda. Ka kashe wa mai aski." Ta huta. "Ka kashe firjina, ruwan sanyi ma na daina sha. Abu ɗaya ya rage a layin nan."

"Ki bar maganar nan."

"Tun yaushe ka sani?"

Bai ɗago ba. Ya ce tun ranar farko.

Ta yi dariyar da ta koma tari, ya tallafe ta har ya lafa. Da ta sami numfashi ta ce ashe ita ce zarton, duk rashin mutuncin da ya yi wa bayin Allah ashe a gadonsa ɓarawon yake kwance. Sannan ta daina wasa. Ta ce ya kashe.

Ya ce ba zai kashe ba. Ya ce likita ya hana, ma'aikaciyar jinya ta hana, in wani abu ya faru me zai gaya wa 'ya'yansu? Ta ce ya gaya musu ita ta sa shi, ai sun san halinta. Ta ce shekara nawa tana numfashi ba inji, ɗan lokaci kaɗan ba zai gagare ta ba. Ya miƙe ya fita baranda, ya dawo, ya sake fita. Rana ta yi ja, tana sauka bayan tankin ruwa. A ƙasa ya ji mai walda yana ja da ƙofar shagonsa, yana rufewa da wuri kamar kullum, saboda ƙarar da ba tasa ba.

"Malam," ta kira, da ɗan abin da ya rage na muryarta. "Lokaci."

Ya kunna rediyo, ya daidaita allura, ya juya gefen jin zoben wajen teku. Ya gyara lasifika a kan filo. Ya zauna a bakin gado, ya yi bisimilla, ya kashe injin, ya kashe inbata.

Bai san ɗakin ya saba da gurnanin injin ba sai da ya tsaya. Zarto ya ɗauke ɗif. Daga lasifika sai wani sassanyan huci, sannan ƙarar makirfo, sannan Auta, kusa ƙwarai, har ana jin yana haɗiye yawu.

"Baba, Mama, ina wuni. Ni ne dai, mai surutun nan. Yau teku ta kwanta. Mama, kin san kukun nan yau me ya yi?"

"Me ya yi kuma?" in ji ta. Fuskarta ta buɗe gaba ɗaya.

Yaro ya shiga labari. Kuku ya zuba sukari a madadin gishiri, ma'aikata suka bi shi da ludayi har saman jirgi. Tana murmushi, tana motsa baki, tana cewa "Allah ya shirye ku," amma sautin ya daina fita. Malam Kunne bai ji ko rabin labarin ba. Hannunsa na kan makunni, idonsa na kan leɓenta. Ya ga ƙirjinta na dagawa da sauri da sauri, ya ga ramin wuyanta na shiga ciki, ya ga leɓen ya fara duhu. Ya motsa yatsa. Ta cafke wuyan hannunsa da ƙarfin da bai san ta rage da shi ba, ƙarfin mai ɗinkin katifa, ta girgiza kai.

Ya jira. Allah ya sani ya jira, yana jin kamar shi aka shaƙe. Farcenta na cikin fatarsa, gumi ya keto mata a goshi, idonta ya fara juyewa sama yana dawowa.

Muryar Auta ta sauya, ta yi ƙasa, irin ta wanda ya juya wa abokan aiki baya don kada su ji.

"Mama, akwai abin da nake ta so in gaya miki, ban san ko kina ji ba. In kina ji..."

Riƙon da ta yi masa ya saki. Ya danna makunnin.

Zarto ya cika ɗakin. Injin ya yi ƙara, ya kama gurnani, ya danna mata tiyon a hanci yana kiran sunan Allah, yana shafa bayanta, yana cewa ja, ja, ki ja. Ta daɗe kafin ta ja na kirki. A hankali duhun leɓen ya fara washewa. A ƙarƙashin zarton ana jin muryar na tashi tana sauka, tana faɗin abin da take faɗi, har ta tsaya.

Ya tashi ya kashe rediyon ya dawo. Ya zauna a ƙasa ya jingina da gadon. Ta juya fuska bango, hawaye na bin gefen tiyon. Ya so ya ce ta yafe masa, ya rasa a kan wanne zai nema, kashewar ko kunnawar.

Can ta lalubo kafaɗarsa ba tare da ta juyo ba.

"Gobe," ta ce, ta huta. "Gobe ka bar shi ya gama."

Ya dubi makunnin, ya dubi hannunsa inda farcenta ya fasa fata.

Ya ce, "To."